Kayan tarihin Maraɗi, Tibiri da Jiratawa: inda suke da yadda ake ganinsu

Gidan tarihi wuri ne da ake tattara abubuwan da mutanen wata ƙasa suka ƙera ko suka yi amfani da su, a rubuta asalin kowanne, a kare shi daga lalacewa, sannan a buɗe ƙofa ga duk mai son gani. A Nijar an fi kiransa da sunansa na Faransanci, mize. Baƙon da ya sauka Maraɗi da wannan siffa a ransa, yana neman gini guda mai akwatunan gilashi da zai shiga da hantsi ya fito da azahar ya ce ya ga tarihin ƙasar, zai tarar abin ya fi haka faɗi. Kayan tarihin wannan yanki a warwatse suke. Wasu suna fada ana aiki da su har gobe, wasu suna hannun masu sana'a, wasu ruwa ya ci, wasu kuma suna Yamai da Katsina da biranen Turai. Ziyararsu tana bukatar mutum ya san abin da yake nema da ƙofar da ake bi a kai gare shi.

Dalilin warwatsuwar yana cikin yadda garuruwan suka kafu. Sarautar Maraɗi sarautar Katsina ce da ta yi hijira. A 1807 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina, mulki ya koma hannun Ummarun Dallaje. Sarki Magajin Haladu ya fita zuwa Ɗankama, can ya rasu. Ɗan Kasawa ya karɓi sarautar, ya fake a Damagaram na wasu shekaru, daga bisani wajajen 1819 ya zauna a Maraɗi, a bakin gulbi, cikin dajin da duhuwarsa ke hana dawakin abokan gaba sukuwa. Shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar Maraɗi. Labarin Gobir ya yi kama da wannan. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a yaƙin. Gobirawa suka yi ta kai-komo har zuwa karon Gawakuke a 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yi galaba, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda duk suka kwanta dama. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tibiri, wadda ake kuma kira Tsibiri, 'yar tafiya kaɗan arewa maso yamma da Maraɗi. Wanda ya fito gudun yaƙi ba ya ɗaukar soro ko ganuwa. Abin da doki zai iya ɗauka shi ke tafiya, su tambari da takobi da rigar yaƙi, sai kuma abin da ke cikin ka, wato jerin sarakuna da sunayen sarautu da ƙa'idar naɗi. Waɗannan su ne jigon abin da masarautun biyu suka gada.

Sauran ƙarni na 19 ya tafi a kan yaƙi. Ɗan Baskore, wanda ya yi fiye da shekara ashirin yana sarauta tun daga tsakiyar ƙarnin, shi ne sunan da ya fi fita wajen kai hare-hare ƙasar Katsina, sai Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarnin. Bajamushen nan Adolf Overweg, abokin tafiyar mai yawon bincike Barth, ya ziyarci Maraɗi da Gobir a 1851. Da Turawa suka zo, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka ja iyaka tsakanin Katsinar kudu da ta arewa, abin da yaƙi ya raba takarda ta tabbatar da shi. Babban rashin da tarihin gini ya yi a nan kuwa ba yaƙi ne ya jawo shi ba. A daminar 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya rushe tsohon garin da ke cikin fadama. Aka tayar da mutane zuwa kan tudu, hukumar Faransa ta yanka sabon gari da faffaɗan tituna miƙaƙƙu. Don haka mai neman tsofaffin lunguna irin na unguwar Birni a Damagaram, ko na Agadas da UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya a 2013, ba zai same su a Maraɗi ba. Garin da ake gani yau bai kai shekara ɗari ba, ko da yake sarautarsa ta girme shi da ƙarnuka.

Abin da ya hau tudu tare da mutane shi ne sunaye. Bagalam, 'Yandaka, Maraɗawa, Limanci, Mokoyo, Ɗan Gulbi, duk unguwanni ne da ake jin tsohon gari a bakinsu. 'Yandaka sunan babban basarake ne da ya samo asali tun Katsina. Limanci ta nuna inda limamai suke. Sunan garin kansa sarauta ce, Maraɗi. Sababbin unguwanni irin su Sabon Gari da Zariya da Ali Ɗan Sofo suna faɗin nasu labarin, na zamanin gyaɗa da alhazan kasuwa da yadda garin ya yi ta faɗaɗa. Yaron da ya hau kabu-kabu ya ce a kai shi 'Yandaka ya ambaci wani yanki na tsarin mulkin Katsina ta dauri, ko bai sani ba.

Fadar Maraɗi ita ce zangon farko na duk mai ziyara. Tana fuskantar filin da ke ɗauke da sunan Ɗan Kasawa, gabanta ya sha zanen magina da launuka masu haske, irin adon da aka san gidajen sarautar Hausa da shi. Tun 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga darajar masarautun Katsinar Maraɗi da Gobir da Dosso, masu riƙe da su suka zama sultan a takardun hukuma, kamar na Damagaram da na Agadas. Sai dai fada gidan mulki ce da mutane ke zaune ciki, ana sulhunta rigimar gona da ta aure, ana karɓar baƙi. Ba a sayen tikiti a ƙofa. Baƙo yakan tsaya a waje ya gaisa da dogarai, ya faɗi abin da ke tafe da shi, a yi masa iso. Yakan tuɓe takalmi kafin zaure, ya durƙusa ya ce "ranka ya daɗe", fadawa su amsa a madadin sarki. Hoto sai da izini. Wanda ya zo da ladabi, ya kuma riƙo ɗan goro don dattawan fada, yakan ji abin da ba a rubuce yake a kowane allo ba.

Tambari ya isa misali na yadda kayan fada suka bambanta da kayan gilashi. Ganga ce ta itace mai faɗin baki da aka rufe da fatar sa, kuma a ido ba ta da wani ƙawa da zai tsayar da mai wucewa. Darajarta tana cikin haƙƙin bugunta. Sarki kaɗai ake buga wa, a lokutan da al'ada ta yanke, kamar naɗi da salla, kuma akwai gidan da ya gaji bugun. In fatar ta tsufa a sake, in tsarkiya ta tsinke a ɗaure wata, ba wanda zai ce tambarin ya zama sabo. Ma'aikacin gidan tarihi da aka horar a kan kada a taɓa ko da zare ɗaya na tsohon abu zai ga wannan kamar ɓarna ce. Bafade kuwa zai ga tambarin da aka kulle cikin gilashi, ba mai bugunsa, shi ne ya mutu. Ranar da ta fi dacewa a ga irin waɗannan kaya ita ce ranar hawan salla. A nan ake fito da kakaki da algaita, dawaki su sha ado, hakimai su jero kowa a matsayinsa, a yi jafi a gaban sarki. Mai lura zai gane daga jerin kaɗai wa ke gaba da wa.

Sarautun kansu ma'ajiya ce. Masu zaɓen sarki a Maraɗi huɗu ne bisa tsohon tsari, Galadima da Ƙaura da 'Yandaka da Durɓi, kuma haka aka taso da su daga Katsina. Durɓi yana tuna Durɓawa, gidan da ya riƙe Katsina kafin zuwan Sarki Korau. Ƙaura shi ne jagoran yaƙi. Akwai Iya, mace daga gidan sarauta, wadda sha'anin mata da na bori ke hannunta. Maroƙa da makaɗan fada su ke riƙe da jerin sarakuna da kirarin kowanne. Nan akwai abin lura. Maroƙi ba alƙali ba ne, aikinsa ya ɗaga ubangidansa, don haka sarkin da aka tuɓe yakan gajarce a bakinsa, yaƙin da aka sha kashi yakan wuce da sauri. Labarin yaƙe-yaƙen Ɗan Baskore yadda ake ba da shi a Maraɗi daban yake da yadda ake ba da shi a Katsina. Masanin tarihi yana bukatar duka biyun.

A Tibiri abin ya fi zurfi ta fuskar al'adun da suka riga jihadi. Fadar Sarkin Gobir tana danganta kanta da Bawa Jan Gwarzo da sarakunan Alƙalawa, har baya zuwa Birnin Lalle da ke yankin Dakwaro, inda Gobirawa suka yi zango bayan sun gangaro daga Azbin. Sarautar da ta fi jan hankalin masu bincike a nan ita ce ta Inna, 'yar gidan sarauta da ake naɗawa ta zama uwar ƙasa, mai faɗa a ji a kan mata, kuma shugabar 'yan bori. Gidanta da kayan aikinta da makaɗanta wani ɓangare ne na tsarin mulkin Gobir, wanda ba za a fahimci masarautar ba in an cire shi. Amma ba kowa ke son a yi maganarsa ba. Wa'azi ya yi ƙarfi a Maraɗi da kewaye tun shekarun 1980, mutane da dama na kallon bori a matsayin abin da ya saɓa wa addini, 'ya'yan waɗanda suka gaje shi kuma sun kama wata hanya. Idan tsohuwar da ke da kayan ta rasu, magada ba su da sha'awar ajiyewa. Goge da garaya da rigunan iskoki sukan ƙare a wuta ko a juji ko a hannun dillali. Ajiye irin wannan a gidan tarihi ba yarda da shi ba ne, kamar yadda ajiye takobi ba kiran yaƙi ba ne, sai dai fahimtar da jama'a haka aiki ne da ke bukatar malamai da sarakuna su sa baki.

Zanen fuska na Gobirawa, wanda da shi ake gane Bagobiri daga nesa, shi ma yana tafiya. A fuskar dattawa ake ganinsa, yara ƙalilan ne ake yi wa yanzu. Wasan barkwanci tsakanin Gobirawa da Zabarmawa kuwa yana nan da ransa a tasha da kasuwa da ofis, kuma yana cikin al'adar wasan dangantaka ta Nijar da UNESCO ta amince da ita a 2014.

Jiratawa, kudu da Maraɗi a kan hanyar gulbi, tana nuna wani ɓangaren da fada ba ta cika damuwa da shi ba, wato tarihin talaka da aikin hannunsa. An san garin da noman rani a filin ban-ruwa da aka shimfiɗa a shekarun 1980, inda zogale ya zama abin fatauci, an kuma san shi da ginin tukwane. Maginin tukunya yakan haƙo yumɓu, ya jiƙa, ya gauraya shi da abin da zai hana shi tsagewa, ya kirɓa har ya yi laushi. Yakan fitar da cikin tukunyar da bugu a hankali, yana juyawa, har kaurin ya daidaita ko'ina, sannan ya ɗora wuya da baki. A shanya a inuwa kafin rana, a jera, a lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, a cinna wuta. In an kwashe, ƙwanƙwasa da yatsa ke faɗin wadda ta gasu da wadda ta yi tsaga. Tulu da randa da kasko da tanda da asusu kowanne da siffarsa da aikinsa. Randa ta daɗe tana riƙe da matsayinta domin tana sanyaya ruwa ba tare da lantarki ba, amma jarka ta kori tulu daga hanyar rijiya, tukunyar dalma ta kori ta ƙasa daga murhu. Siffar da aka daina saye, magini yakan daina ginawa, kuma cikin tsara guda hannun ya manta. Gaba da Jiratawa akwai tafkin Madarumfa, wanda ake cewa kaburburan waliyyai 99 na kewaye da shi, mutane na zuwa ziyara.

Akwai wani wurin baje kolin da ba a lissafa shi, ɗakin amarya. Jere a ƙasar Hausa tsari ne na nuna kaya, da ƙa'idarsa da masu iya shi. A da ƙore ne masu zane ake jerawa, da faifai da tasoshi. Daga baya kwanonin sha da langa da samira suka hau bango da kabad, yanzu kuma tangaran da kuloli da kayan lantarki. Ba'amurkiyar masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda littafinta kan aure a Maraɗi ya fito a 1997, ta bi wannan sauyi ta nuna yadda kayan ɗaki ke faɗin arzikin mace da na danginta. Wanda zai jera ɗakuna uku, na kaka da na uwa da na jika, ya ba da tarihin kasuwancin Maraɗi na shekara tamanin ba tare da dogon bayani ba. Haka dukanci. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙetare saboda laushi da ƙarko, majema da dukawa na garin kuma suna aiki a buɗe, kowa na iya tsayawa ya kalla.

Babban gidan tarihin ƙasa yana Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. An buɗe shi a 1959, Pablo Toucet ne ya fara shugabantarsa, yanzu kuma yana ɗauke da sunan Bubu Hama, marubucin da ya tsaya wajen kafa shi, wanda kuma ya wallafa littafi kan tarihin Gobir da Sakkwato a 1967. Tsarinsa ya sha bamban da na manyan gine-ginen Turai. Fili ne mai faɗi da ƙananan ɗakuna a rarrabe, an yi musu ado irin na ginin Hausa: ɗakin tufafin gargajiya, na kayan kiɗa, na ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da aka tono a Gadufawa, na ma'adinin yuraniyam. Itacen nan na Tenere da mota ta kayar a 1973 yana can. Akwai namun daji, akwai samfurin gidajen ƙabilu, akwai rumfunan maƙera da masaƙa da dukawa da ke aiki suna sayarwa. Ranar salla wurin yakan cika maƙil da yara. Da yawansu zaki da dorina suka zo gani, amma sun shigo, kuma shigowar ita ce abin da gidajen tarihi da yawa a Afirka suka kasa samu. Damagaram da Dosso ma suna da gidajen tarihi na jaha.

Wannan tsari yana da ɗan'uwa a arewacin Turai. A Istokholm, babban birnin Suwidin, Artur Hazelius ya buɗe Skansen a 1891, a lokacin da masana'antu ke cinye sana'o'in ƙauye. Ya sa aka kwance tsofaffin gidajen manoma daga sassan ƙasar aka sake kafa su a fili guda, aka zuba masu sana'a a ciki, aka haɗa da dabbobin ƙasar. Oslo ta bi sahu da nata a shekarun 1890. Darasin da ke ciki ga Maraɗi shi ne lokaci: Hazelius ya tattara kayan ne tun masu amfani da su suna raye suna iya faɗin sunan kowanne. A Kopenhagen kuwa gidan tarihin ƙasar Denmak yana riƙe da kayan Buzaye, kuma shi ya buga babban binciken Johannes Nicolaisen a 1963, wanda ya zauna da Buzayen Azbin. Mai son ganin wasu kayan Nijar na tsakiyar ƙarnin da ya wuce sai ya nemi biza.

Rabin labarin Maraɗi yana kudu da iyaka, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba ta Ɗan Isa da Jibiya. A Katsina akwai hasumiyar Gobarau, akwai ragowar ganuwa da ƙofofin da kakannin Maraɗawa suka fita ta cikinsu, akwai takobin Gajere da ake dangantawa da Korau, wanda ke cikin kayan sarautar fadar Katsina. Gidan tarihin gwamnatin tarayyar Najeriya yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. A Durɓi ta Kusheyi akwai tuddan kaburbura da Baturen mulki Palmer ya fara tonawa a 1907, aka sake tonawa a farkon shekarun 1990, aka kai abin da aka samu Mainz ta Jamus don gyara. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da bai taɓa ganin waɗannan ba ya karanta tarihin gidansu daga tsakiya. Ɗalibin Katsina da bai je Maraɗi ba shi ma bai ga yadda sarautar ƙasarsu take kafin 1807 ba, domin a Maraɗi tsohon tsarin ya ci gaba. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 ya nuna yadda siyasa ke iya datse wannan hanya dare ɗaya. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ta Katsina zai bi.

Rubutattun bayanai su ma a waje suka fi yawa, kuma da harsunan da akasarin mutanen yankin ba sa karantawa. Landeroin, tafintan ayarin Tilho da ya auna iyaka tsakanin 1906 da 1909, ya rubuta jerin sarakunan Maraɗi da Gobir daga bakin dattawan lokacin, aka buga a Paris. Philippe David ya yi rubutu kan tsohuwar masarauta da tsohon gari a shekarun 1960. M. G. Smith ya bayyana mulkin Ɗan Baskore da Turanci. Guy Nicolas ya shafe shekaru a wannan kwari yana nazarin bukukuwa irin su buɗin daji da al'adar kyauta. Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi kan alhazan Maraɗi a 1986. Duk waɗannan daga bakin Hausawa aka ɗauko su da Hausa, aka juya zuwa Faransanci ko Turanci, ƙalilan ne suka dawo. Cibiyar binciken IRSH da cibiyar adabin baka ta CELHTO, duka a Yamai, suna ajiye da rubuce-rubucen ajami da na Larabci da muryoyin da aka naɗa.

Tambayar ko me ya kamata gidan tarihi ya yi a wuri irin wannan tana da amsa biyu da ke karo. Masu ra'ayin farko suna cewa a tattara komai a gini guda, a sa ma'aikata da makulli, domin abin da ke hannun mutum ɗaya yana ƙarƙashin talaucinsa da rabon gadonsa. Masu ra'ayi na biyu suna cewa raba kaya da masu shi kashe shi ne, kuma gine-ginen hukuma da ba su da kasafin gyara sukan zama rumbun gara. Kowanne yana da gaskiya a kan wani kashi na kayan. Abin da ke aiki har yanzu, irin su tambari da kakaki da randa, ba ya cikin haɗari sosai, domin amfani da shi ke kare shi, abin da yake bukata rajista ce da hoto. Haɗarin yana kan abin da aikinsa ya ƙare kuma ba wanda ke kewarsa tukuna: lifidi da sulke da kwalkwali, masaƙar hannu da mazari, ma'aunin gyaɗa na kantunan Turawa, kayan bori, wasiƙun sarakuna na ajami, hotunan tsofaffin masu ɗaukar hoto na gari, da kaset-kaset na makaɗa da 'yan kokawa tun zamanin Kantu, ɗan Maraɗin da ya ci takobin kokawa na farko a 1975, wanda filin kokawar garin ke ɗauke da sunansa. Kaset da ya kwana shekara talatin cikin zafin bazarar Maraɗi ba ya jiran a gama muhawara.

Sata da fasa-ƙwauri wata matsala ce. Nijar ta ɗanɗana a Bura, a yammacin ƙasar, inda Bube Gado ya yi tono a 1983 ya fito da mutum-mutumin yumɓu da suka burge duniya. Da labarin ya bazu sai mahaƙa suka afka wa kufai suna sayar wa dillalai, har sai da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda aka hana saye. Dokar kare kayan gado ta Nijar ta 30 ga Yuni 1997 ta hana tono da fitar da irin waɗannan kaya ba da izinin hukuma ba. Maraɗi gari ne na iyaka da fatauci, duk abin da ke da mai saye yana da mai kai shi. Maganar dawo da kayan Afirka daga Turai ta yi ƙarfi tun 2018, Faransa ta mayar wa Benin kayan fadar Abomey 26 a 2021, sai dai ƙasa ba ta iya neman abin da ba ta da shaidar ya taɓa zama nata.

Shi ya sa aikin da ya fi gaggawa shi ne mafi arha, wato rajista. Kowane abu a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunansa yadda masu shi ke faɗa, da wanda ya ƙera, da wanda ya yi amfani da shi, da lokacin da ake fito da shi, da Hausa tukuna kafin Faransanci. Ana iya yin wannan abu yana gidan mai shi. Wanda aka yarda a ajiye a wuri guda kuma maƙiyansa sanannu ne: gara, ɓera, yoyon damina, ƙurar hunturu, da hasken rana da ke kashe launin tufafi. Ɗaki mai rufi lafiyayye, da kanta da ta ɗaga daga ƙasa, da mai dubawa kowane mako, sun fi na'urar sanyaya ɗaki da wutar lantarki za ta riƙa yanke wa. Ga mai ziyara, lokacin sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙin yawo, kuma yini biyu sun isa a zaga fadar Maraɗi da unguwannin da ke kewaye da ita, a gangara fadama inda tsohon garin yake, wanda yanzu gonaki da lambuna suka rufe, a je Tibiri, sannan a bi ta Jiratawa zuwa Madarumfa. Hawan salla yana bin watan Musulunci, don haka sai a duba kalanda, a kuma aika wa fada tun da wuri in ana son wurin tsayawa kusa da sarki.